Man horo a injin da aka sake ɗaurawa: aikin da yake yi da injin da ke buƙatarsa

Idan aka sauke inji aka wargaza shi, aka faɗaɗa ramukan silinda ko aka sake goge su, aka sa sababbin fistin da ringi da metal (gammon da kiranshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, yake kwance a kai), sannan aka ɗaure shi aka mayar da shi mazauninsa, akwai tambaya guda da ke raba kan kanikawa da masu motoci tun kafin a murɗa makulli, wato wane baƙin mai ne za a fara zuba masa. Wasu suna cewa a zuba mafi tsada tun ranar farko, tunda an kashe kuɗi a kan aikin kuma ba a son komai ya ci. Wasu suna cewa a zuba mafi arha, tunda ba da jimawa ba za a zubar da shi. Kashi na uku kuma suna cewa akwai man da aka haɗa musamman domin wannan ɗan lokaci, wanda za mu kira man horo a nan, domin aikinsa shi ne raka inji a sa'o'insa na farko har sassansa su saba da juna. A ganina kashi na uku sun fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗin a san cewa amsar tana cikin irin aikin da aka yi wa injin da irin kamshaf ɗin da ke cikinsa, wato sanda mai tozaye da ke buɗe bawul, kuma man shi kaɗai ba ya zaunar da ringi idan ba a ba injin aikin da ya dace ba.

Kafin a fahimci man, sai an fahimci bangon silinda. Bayan an faɗaɗa ramin, ana goge shi da wasu duwatsu na musamman waɗanda ke juyawa suna hawa da sauka a lokaci guda, sai su bar wasu siraran zanuka masu gicciye da juna a jikin ƙarfen. Wanda ya taɓa bangon da yatsa zai ji shi sumul, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana cike da tsaunuka da kwaruruka. Kwarurukan ana son su, domin a cikinsu ne ɗan mai yake maƙalewa ya riƙa jiƙa ringi duk lokacin da fistin ya wuce. Tsaunukan kuwa dole ne kawunansu su karye su daidaita, har a sami shafaffen fili da fuskar ringi za ta kwanta a kai ta kowane gefe. Sabon ringi ma, duk da kyan ƙirarsa, ba ya taɓa bangon daidai a dukkan zagayensa a ranar farko. Abin da ake kira zaman ringi shi ne wannan cin juna da ƙarfe biyu ke yi na ɗan lokaci har kowanne ya ɗauki siffar ɗan'uwansa. Ke nan a wannan mataki ana neman ƙarfe ya ci da gangan, amma ya ci daidai gwargwado, sannan ya tsaya.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ƙarfin da ke danna ringin sama a jikin bango mafi yawansa ba daga tsaurin ringin yake zuwa ba. Idan wuta ta tashi a saman fistin, iskar da ta kumbura tana sauka ta shiga bayan ringin a cikin tsagarsa, ta tura shi waje da ƙarfi ya manne da bango. Gwargwadon yadda aka taka totur aka ɗora wa inji kaya, gwargwadon yadda wannan matsi yake ƙaruwa. Idan aka bar sabon inji yana ci a sulo, wato a kunne ba a taka totur ba, na tsawon lokaci, matsin ba ya isa ya ratsa man da ke tsakanin ringi da bango, sai ringin ya riƙa shawagi a kan mai ba tare da ya taɓa tsaunukan ba. A lokaci guda kuma zafi yana dafa man da ke kwance a cikin kwarurukan tare da ragowar fetur ko dizal ɗin da bai ƙone da kyau ba, har su zama wata ƙyalli mai tauri kamar fenti wadda ke cike zanukan. Da zarar bangon ya yi wannan santsi, ringin ya rasa abin da zai ci, mai kuma ya rasa wurin zama. Sakamakon shi ne injin da aka gama kashe wa kuɗi ya fara shan mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, iskar wuta kuma tana tsallake ringi tana sauka cikin kwanon mai.

Daga nan ne dalilin farko na man horo yake fitowa. Baƙin man zamani na ƙananan motoci, musamman wanda aka haɗa domin rage shan fetur, yana ɗauke da sinadaran rage gogayya, irin su waɗanda ake yi da molibdinam, waɗanda ke shimfiɗa wani santsi a fuskar ƙarfe a daidai wuraren da mai ya yi siriri. Ga injin da ya riga ya zauna wannan alheri ne. Ga ringin da ke neman cin kawunan tsaunuka kuwa yana iya jinkirta aikin, kuma jinkiri a nan yana da haɗari domin lokacin da zanukan suke da kaifinsu gajere ne. Shi ya sa ake haɗa man horo ba tare da waɗannan sinadarai ba, kuma yawanci da man da aka tace kai tsaye daga ɗanyen mai, wanda ake kira minaral.

A nan ya kamata a gyara wata magana da ta yaɗu, cewa man sintetik, wato wanda aka harhaɗa ta hanyar sarrafa sinadarai, ya cika santsi har ringi ba ya iya zama da shi ko kaɗan. Maganar ba daidai take ba a haka. Motar Chevrolet Corvette tana fitowa daga masana'anta da man Mobil 1 na sintetik a cikinta tun farkon shekarun 1990, haka ma motocin Porsche da wasu da dama, kuma ringinsu yana zama lafiya. Sai dai masana'anta tana goge silinda a matakai da na'urori masu auna tsayin tsaunuka da zurfin kwaruruka, kuma a matakin ƙarshe tana aske kawunan tsaunukan tun kafin a sa fistin, ta yadda aikin da ya rage wa ringi kaɗan ne ƙwarai. Wurin gyaran da yake da irin waɗannan na'urori yana iya kusantar hakan. Wanda ya goge silinda da dutsen da aka ɗaura a injin huda na hannu kuwa ya bar wa ringi aiki mai yawa, kuma ba shi da hanyar sanin yawansa. Saboda haka abin da ke faruwa a masana'anta ba hujja ba ce ga kowane injin da aka sake ɗaurawa, kuma abin da ya kamata a duba a jikin mai shi ne sinadaran da aka zuba masa fiye da asalin inda aka samo shi. Akwai kuma dalili na hankali mai sauƙi: man da za a zubar bayan 'yan sa'o'i ba ya buƙatar juriyar da ake sayen sintetik dominta.

Dalili na biyu ya fi na farko tsanani, kuma yana jan igiyar zuwa wani ɓangare dabam. A injunan da, da kuma wasu na yanzu, tozon kamshaf yana gogar tafet mai shafaffiyar fuska, wato ɗan ƙarfen da ke miƙa turin tozo zuwa ga bawul, kai tsaye domin ya buɗe bawul. Wurin da su biyun suke haɗuwa ɗan ƙaramin layi ne, kuma duk ƙarfin sifirin ɗin bawul a kansa yake sauka, don haka matsin da ke wurin yana cikin mafi girma a duk injin. Mai ba ya iya raba ƙarfen biyu gaba ɗaya a can. An ƙera tozon da ɗan karkata, fuskar tafet kuma da ɗan tudu wanda ido ba ya gani, domin tafet ɗin ya riƙa juyawa a raminsa yana rarraba cin a dukkan fuskarsa. Idan sabon kamshaf da sababbin tafet suka kasa sabawa da juna a mintunan farko, fuskar ƙarfen mai tauri tana karcewa, tafet ya daina juyawa, tozon ya fara sauka, kuma babu mai a duniya da zai dawo da shi. Abin da ya fi ciwo shi ne garin ƙarfen da ya fito daga nan yana bin mai ya shiga metal da famfon mai, ta yadda ɓarnar tozo ɗaya kan tilasta a sake sauke injin duka.

Abin da ke kare wannan wuri shi ne wani sinadari da ake kira ZDDP, wanda ya ƙunshi zink da fosfaras da sulfa, kuma ana zuba shi a baƙin mai tun shekarun 1940. Yadda yake aiki abin sha'awa ne: a inda babu zafi da matsi yana nan narke cikin mai, amma a daidai inda ƙarfe ya gogi ƙarfe sai ya rikiɗe ya zama wata siririyar fata mai kama da gilashi a fuskar ƙarfen, wadda kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wannan fata ce take ci a madadin ƙarfen, tana gogewa tana sake fitowa. Matsalar ita ce fosfaras ɗin da ya bi hayaƙi yana lalata katalis, wato na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, don haka aka yi ta rage shi a ma'aunin man ƙananan motoci. A ma'aunin API SJ na 1996, wanda cibiyar man fetur ta Amurka ta fitar, iyakar fosfaras kashi 1,000 ce cikin miliyan, sannan ma'aunin API SM na 2004 ya sauko da ita zuwa kashi 800 ga mayuka masu laushi irin su 5W-20 da 5W-30 da 10W-30. Injunan zamani da yawa ba su damu da wannan ragi ba, domin tafet ɗinsu yana da 'yar taya da ke gangarawa a kan tozo maimakon gogarsa. Tsohon injin da aka sa wa sabon kamshaf kuwa, musamman idan an ƙara masa sifirin masu ƙarfi, yana buƙatar ZDDP fiye da abin da ke cikin irin wannan mai, kuma man horo yana ɗauke da shi da yawa.

Yanzu siffar man ta fito fili. Ana son ya bar ringi ya ci bango, a lokaci guda kuma ya hana tozo cin tafet, kuma abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne sinadarin rage gogayya dabam ne da sinadarin hana ci. Na farko yana sa fuska ta yi santsi, na biyu yana hana ƙarfe manne wa ƙarfe ya yage. Man horo ya bar na farko ya riƙe na biyu. Yawancinsu kuma an rage musu sinadaran wanki, domin su ma suna neman wurin zama a fuskar ƙarfe kuma suna iya yin gasa da ZDDP a kan wurin. Ta fuskar kauri, an fi samunsu a SAE 30 ko 10W-30 ko 10W-40 ko 15W-40, kuma zaɓin ya dogara da ratar da aka bari tsakanin metal da kiranshaf da kuma zafin yanayin da injin zai tashi a ciki. Kuskure ne a zuba mai mai kauri ƙwarai da tunanin ƙara kariya, domin mai kauri yana jinkirin isa sassan sama a tashin farko, kuma yana ƙara raba ringi da bango a lokacin da ake son su haɗu.

Shi kuwa metal, wato gammon da kiranshaf ke juyawa a kai, ba ya cikin sassan da ake horarwa. An tsara shi ne ta yadda shaf zai riƙa yawo a kan mai ba tare da ya taɓa shi ba, muddin ratar daidai ce kuma mai yana isowa. Ƙa'idar da masu ɗaura inji suka saba da ita ita ce rata ta kusan milimita 0.025 ga kowace milimita 25 ta kaurin wuyan shaf, kodayake littafin injin shi ne alƙali. Idan bakanike ya ce an ɗaure metal da tsauri kuma zai saki idan ya yi tafiya, to awon ne bai yi daidai ba, kuma man horo ba zai gyara shi ba.

To wane inji ne yake buƙatar man horo? Idan an sa sabon kamshaf da tafet masu shafaffiyar fuska, ban ga dalilin yin jayayya ba: a yi amfani da man horo ko wani mai da aka tabbatar yana da isasshen ZDDP, tare da man shafawa na musamman da ake sa wa tozo lokacin ɗauri. Idan ringin masu fuskar kurom ne, waɗanda ke da tauri kuma suke daɗewa kafin su zauna, ko kuma an yi gugar silinda da hannu, nan ma man horo yana da amfani a fili. Idan kuwa injin zamani ne mai tafet mai taya, an goge shi da na'ura an aske tsaunukan, ringinsa kuma masu fuskar molibdinam ne waɗanda ke zama da wuri, to man minaral mai kyau na kaurin da littafi ya faɗa zai wadatar, kuma bambancin da man horo zai kawo kaɗan ne. Akwai kuma injunan da ya kamata a yi taka-tsantsan da su. Silindar da aka lulluɓe da Nikasil, wani rufi mai nikel wanda kamfanin Mahle na Jamus ya ƙirƙiro, tana da tauri ƙwarai kuma tana da nata tsarin guga da nata irin ringi, don haka umarnin wanda ya yi aikin ake bi. Motar dizal mai tacen toka a salansa tana buƙatar mai mai ƙarancin toka, kuma mai mai yawan zink da fosfaras yana rage wa tacen kwana. Babur ɗin da kulocinsa ke jiƙe a cikin man inji kuma yana buƙatar man da ya cika ma'aunin JASO MA, wato ma'aunin man babura na Japan, in ba haka ba kulocin zai riƙa zamewa. Shi ya sa tambayar farko ta kamata ta je ga wanda ya goge silindar da wanda ya ƙera ringin da kamshaf, kuma idan sun ba da garanti, sharaɗinsu a kan mai yana gaba da ra'ayin kowa.

Inda aka fi ganin muhimmancin wannan al'amari a rubuce shi ne a injunan ƙananan jiragen sama masu fistin. Kamfanin Lycoming na Amurka yana umartar a yi amfani da man minaral zalla a yawancin injunansa sababbi ko waɗanda aka sake ɗaurawa na tsawon sa'o'i 50 na farko ko har shan mai ya daidaita, kuma yana son matuƙi ya riƙa tafiya da kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfin injin a wannan lokaci, domin dai matsin da ke bayan ringi ya isa. Abin lura shi ne kamfanin ya keɓe injunansa masu tabo, wato na'urar da ke matsa ƙarin iska cikin inji, daga wannan umarni, ya ce su a horar da su da man da aka saba zuba musu mai sinadarin rarraba datti, wanda ke nuna cewa ko a gida ɗaya ƙa'idar tana sauyawa da irin injin. Kamfanin John Deere ma yana sayar da nasa man horon domin injunan dizal na taraktoci sababbi da waɗanda aka sake ɗaurawa, kuma yana son ya yi aƙalla sa'o'i 100 na aiki. A ɗaya ɓangaren, kamfanin Honda ya daɗe yana gaya wa masu sababbin motocinsa kada su yi gaggawar juye man farko kafin lokacin da littafi ya tsara. Waɗannan umarnai sun bambanta ne domin ƙarafa da guga da ringi sun bambanta, kuma babu ɗaya daga cikinsu da za a ɗauka a ɗora wa kowane inji.

Tashin farko shi ne lokacin da aka fi yin asara ko riba. Kafin a kunna, a cika hanyoyin mai ta hanyar juya famfon mai da hannu ko da na'urar matsi har geji ya nuna kuma mai ya bayyana a saman injin, domin man shafawar da aka sa lokacin ɗauri ba ya daɗewa. A daidaita lokacin wuta, a tabbatar fetur ya iso, a cika lagireto a fitar da iska, ta yadda injin zai tashi a bugu ɗaya ko biyu. Dogon jan kik yana share man da ke kan tozo, fetur ɗin da ya yi yawa kuma yana wanke man da ke bangon silinda ya sauka ya tsinka wanda ke cikin kwano. Idan akwai sabon kamshaf mai shafaffen tafet, da zarar injin ya tashi kuma matsin mai ya hau, sai a ɗaga shi zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, a riƙa ɗan sauya gudun a cikin wannan tsakani na minti 20 zuwa 30 ba tare da an bar shi ya sauka sulo ba. Dalili shi ne a yawancin irin waɗannan injuna tozo yana samun mai ne daga fantsamar da kiranshaf ke yi, kuma a sulo fantsamar ba ta isa, tafet ma ba ya juyawa yadda ya kamata. Idan ruwa ya fara zuba ko zafi ya hau, a kashe injin nan take, a gyara, sannan a sake tayar da shi a koma wannan gudu kai tsaye. Inda aka sa sifirin biyu masu ƙarfi a kowane bawul, masu ƙera kamshaf sukan ce a cire na ciki har sai an gama wannan mataki.

Bayan haka sai a fita hanya da wuri, domin ringi a ƙarƙashin kaya yake zama. Hanyar da masu ƙera ringi suka daɗe suna bayarwa ita ce, bayan injin ya ɗauki zafinsa, a sa babbar giya a taka totur sosai daga gudun kusan kilomita 50 zuwa 80 a sa'a, sannan a ɗaga ƙafa a bar injin da kansa ya rage gudun motar ba tare da an cire giya ba, a maimaita haka kamar sau goma. Takawar tana danna ringi a bango, sakin kuma yana haifar da zuƙa a cikin silinda wadda ke jawo ɗan mai sama ya sanyaya wurin ya kwashe garin ƙarfen da ya fito. A kilomitocin da suka biyo baya a riƙa sauya gudu da giya, a guji tsayawa a gudu ɗaya na tsawon sa'o'i, a guji kai injin ƙarshen juyinsa, a kuma guji sa babbar giya a kan tudu har injin ya riƙa kakari. Ga injin dizal na janareta ko tarakta maganar ta fi tsanani, domin dizal ɗin da ba shi da kaya ba ya yin zafin da zai ƙone mai da kyau, kuma bangonsa yana saurin yin ƙyalli. Wanda ya sake ɗaura janareta ya bar shi yana ci kwana guda babu kaya da niyyar tausaya masa ya cutar da shi ne.

Akwai wani abu da ke faruwa tun kafin a zuba mai wanda ake ɗora wa mai laifinsa daga baya. Duwatsun guga suna barin garinsu mai tauri a cikin zanukan silinda, kuma fetur ko kananzir ba sa fitar da shi. Sai an wanke ramukan da ruwan zafi da sabulu da buroshi, a goge da farin ƙyalle mai ɗan mai a ga ya fito fes, sannan a shafa mai domin kada tsatsa ta kama. Haka ma hanyoyin mai na cikin buloki da kiranshaf, sai an buɗe su an bi su da buroshi. Idan kuma metal ne ya narke a injin tun farko, na'urar sanyaya mai tana riƙe garin ƙarfe a lungunanta, kuma sauya ta ya fi wanke ta aminci.

Man horo ba a barinsa ya daɗe. Tunda an rage masa sinadaran wanki da na kashe tsami, ba shi da juriyar man yau da kullum, kuma yana tara garin ƙarfe da ragowar man shafawa da fetur ɗin da ya tsallake ringin da bai gama zama ba. Masu ɗaura injuna masu shafaffen tafet da yawa suna juye shi tare da filta da zarar an gama mintuna 20 zuwa 30 na farko, su zuba sabon man horo, sannan su sake juyewa a kusan kilomita 800, wadda ita ce iyakar da aka fi rubutawa a jikin irin wannan mai na motoci. A kowane juye yana da kyau a yanka filtar a buɗe takardar a duba ta a haske. Ɗan ƙyalƙyali mai laushi kamar ƙura abu ne da ake tsammani a juyen farko kuma ya kamata ya ragu a na biyu. Gutsattsarin da yatsa ke ji, ko masu launin jan ƙarfe waɗanda maganaɗisu ba ya ɗauka, suna nuna metal ne yake ci, baƙin gari mai yawa da ke manne wa maganaɗisu kuma yana sa a duba kamshaf. A wannan lokacin ne kuma ake sake auna ratar bawul, a sake ɗaure kusoshin kan silinda idan littafin injin ko mai ƙera gaskit ya ce a yi.

Wasu suna sayen kwalbar ƙarin zink su zuba a man yau da kullum a madadin man horo. Idan babu wani zaɓi ya fi barin sabon kamshaf haka nan, amma ban ɗauke shi daidai da man da aka haɗa tun asali ba. Man da ke cikin galan an riga an daidaita sinadaransa da juna, ƙarin da aka zuba daga waje ba ya cire sinadarin rage gogayya da ke ciki, kuma ZDDP ɗin da ya wuce kima yana ƙara gogayya yana kuma ƙara tokar da ke taruwa a kan fulogi da katalis.

Alamar da aka fi dogara da ita wajen sanin ringi ya zauna ita ce shan mai. A riƙa auna shi da sandar awo a wuri mai daidaito, a yanayi iri ɗaya kowane lokaci, a rubuta adadin da aka ƙara da kilomitocin da aka yi. Idan adadin yana raguwa har ya tsaya a wuri ɗaya, hayaƙin salansa ya washe, kuma iskar da ke fitowa ta bakin zuba mai ta yi ƙasa, to aikin ya kammala, kuma gwajin matsin silinda zai nuna lambobi masu kusanci da juna. A nan ne ake komawa man da littafin motar ya faɗa, har da sintetik idan shi ne nata, sai dai injin mai shafaffen tafet zai ci gaba da buƙatar mai mai isasshen ZDDP har ƙarshen rayuwarsa. Idan kuwa an wuce kilomita dubu biyu ko uku shan mai bai ragu ba, a fara duba robobin bawul da bututun numfashin inji da tabo idan akwai, domin su ma suna jawo shuɗin hayaƙi. Idan waɗannan lafiya suke kuma kyamarar leƙa silinda ta nuna bango yana ƙyalli zanukan sun cike, wani lokaci 'yan sa'o'i na aiki mai nauyi suna iya farfaɗo da shi idan abin bai yi nisa ba. Idan ya yi nisa kuwa, sai an cire fistin, an sake goge silindar, an sa sababbin ringi, an koma tashin farko da sabon man horo.